*ZAZZAƁIN DENGI: KAFIN MU CE "AN JARRABA"*



 Saƙon yau yana da ɗan tsawo, don Allah a daure a karanta shi har ƙarshe kafin a tura gaba.

Akwai wata kalma da ta yi arha a wayoyinmu: "mujarrabi ne", "an jarraba an ga aiki". Duk haɗin da aka turo, da ita ake rufe shi. Yau ina so mu auna wannan kalma da cuta guda ɗaya, wato zazzaɓin dengi. Shekara da shekaru ke nan masana suna gwada ƙwayoyin sha a kan manya masu wannan zazzaɓi, kuma har yanzu babu ko ɗaya da hukumomin lafiya suka amince da ita a matsayin maganinsa. Ra'ayina a taƙaice shi ne: wannan dogon gwaji da suke yi shi ne ainihin jarrabawa, mu mutanen ƙasar Daura bai kamata mu guje shi ba idan ya zo da sharuɗɗansa, kuma kafin ya haifar da magani, kada wani ya sayar mana da abin da bai auna ba.

*MENENE DENGI?*

Zazzaɓi ne da ƙwayar bairos ke kawowa, sauro kuma ke yaɗa shi. Amma fa ba sauron maleriya ba. Wannan baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu da baya, da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma la'asar sakaliya zuwa magariba. A ruwa mai kyau da aka ajiye yake hayayyafa: randa, duro, jarka, tankin da ba murfi, kaskon ruwan kaji, tsohuwar taya, gwangwani. Ɗan gida ɗaya ne da sauron da ke yaɗa zazzaɓin shawara.

Bayan cizo da kwana 4 zuwa 10 sai zazzaɓi mai zafi ya rufe mutum farat ɗaya, da ciwon kai, da ciwo a bayan idanu, da ciwon gaɓoɓi da tsoka kamar an yi masa dukan tsiya, wani lokaci da amai da ƙuraje ja a fata. Ƙwayar iri 4 ce. Wanda ya yi iri ɗaya ya warke, zai iya kamuwa da wani irin, kuma na biyun ne ya fi yawan zuwa da tsanani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 100 zuwa 400 ne ke kamuwa a duk shekara. A 2024 kaɗai an kai rahoton sama da mutum miliyan 14, adadin da ba a taɓa gani ba.

*YA ZO KUSA DA MU KUWA?*

Ya zo. Tun shekarun 1960 aka gano ƙwayar a jinin marasa lafiya a Ibadan. A ƙarshen 2023 hukumar NCDC ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato: mutum 71 ake zargi, 13 aka tabbatar a ɗakin gwaji, a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Kudu da Wamakko da Dange Shuni, kuma yawancinsu ƴan shekara 21 zuwa 40 ne. Ka ji fa, majiya ƙarfi, masu ciyar da gida. A wannan shekarar dai ya kashe sama da mutum 600 a Burkina Faso. Jamhuriyar Nijar ta tabbatar da shi a jikin wani matafiyi a watan Agustan 2022. A Jidda kuwa, inda alhazanmu da masu umara ke sauka, tun 1994 yake can.

To mu dubi inda muke zaune. Kwangwalam na nan, Babban Mutum na nan, kasuwar Mai'aduwa na tara mutane daga Damagaram da Magarya da kudancin Nijeriya. Mutum zai iya ɗauko ƙwayar a jininsa daga wani gari, sauron gidanmu ya cije shi, ya juya ya ciji iyalinsa. Ga shi kuma daga Daura har Zango, Sandamu da Baure, gida nawa ne ba ya ajiye ruwa na kwanaki? Ɗan garuwa ya juye a duro, a bar shi buɗe. Wallahi abin da sauron ke nema ke nan.

Matsalar ita ce a wajenmu zazzaɓi suna biyu gare shi: maleriya ko taifod. In gwajin maleriya bai nuna komai ba, sai a ce taifod ne, a hau allurai. Dengi yana iya shiga gari ya fita ba a kira sunansa ba.

*ME YA SA KOWANE MAGANI YAKE "AIKI" A KANSA?*

A nan ne zancen yake, a natsu.

Yawancin masu dengi suna warkewa da kansu cikin mako 1 zuwa 2, da izinin Allah, ko an sha magani ko ba a sha ba. Zazzaɓin kan ɗauki kwana 2 zuwa 7 ya sauka. To ka ɗauka an ba mutum 100 wani jiƙo a kwana na huɗu. Gobe ko jibi zazzaɓi ya sauka. Me za su ce? "Wallahi jiƙon nan mujarrabi ne." Kuma ba ƙarya suke nufi ba, abin da suka gani suka faɗa. Sai dai ko ruwan randa aka ba su, haka za su gani.

Kaɗan daga cikin ɗarin nan kuma, a daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka, a lokacin ne haɗarin ke farawa. Jijiyoyin jini su fara yoyon ruwa zuwa cikin ciki da ƙirji, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare su yi ƙasa, jini ya fara fita ta dasashi ko hanci. Wanda ya rasu a haka ba ya dawowa ya ba da shaida a WhatsApp. Muryar waɗanda suka tashi kawai muke ji.

Shi ya sa shaidar "na sha na warke" ba ta isa hujja a irin wannan cuta ba. Dole a kwatanta da waɗanda ba su sha ba.

*YAYA AKE GWAJIN NA GASKIYA?*

Mataki-mataki ne. Da farko a ɗakin bincike da jikin dabbobi. Sannan a ba wasu ƴan tsirarun manya masu lafiya da suka yarda, don a ga ko yana cutarwa da kuma yawan da jiki zai ɗauka. Sannan a je ga marasa lafiya, gommai zuwa ɗaruruwa. In ya nuna alama, a faɗaɗa zuwa dubbai.

A wajen marasa lafiyar, ana raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya su sha maganin, ɗaya kashin su sha ƙwayar wofi mai kama da shi sak, wadda ba komai a cikinta. Mara lafiya bai san wadda ya samu ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga. Kullum ana ɗibar jini ana auna yawan ƙwayar cutar, ana rubuta ranar da zazzaɓi ya sauka da duk wata illa. A ƙarshe a buɗe takardu a kwatanta.

Wani zai ce, "To ai yaudara ce a ba mara lafiya ƙwayar wofi." A'a. Tun farko ana gaya masa cewa zai iya faɗawa kowane kashi, kuma duka biyun suna samun cikakkiyar kulawar asibiti iri ɗaya. Tunda babu tabbataccen magani, ba a hana kowa wani haƙƙi nasa ba.

Me ya sa manya ake farawa da su? Domin babba shi ke iya saurare, ya fahimta, ya ce na yarda ko ban yarda ba. Yara da masu juna biyu sai an tabbatar da lafiyar maganin tukuna.

*WAƊANDA AKA GWADA SUKA FAƊI*

Ku duba jerin nan, duk ƙwayoyin sha ne, duk an sa musu rai:

1️⃣ *Kulorokwin*, wanda muka sani na maleriya. An gwada shi a kan manya 307 a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, aka fitar da sakamako a 2010. Bai rage kwanakin ƙwayar a jini ba, sai ma amai da ya ƙara wa wasu.

2️⃣ *Balapiravir*, a Biyetnam ɗin dai, kan maza manya, sakamako a 2013. Babu bambanci da ƙwayar wofi.

3️⃣ *Celgosivir*, a Singafo, mutum 50, sakamako a 2014. Asalinsa ma daga ƙwallon wata bishiya ta Ostareliya aka samo shi. Ya yi aiki a jikin ɓeraye, a jikin mutum bai yi abin a zo a gani ba.

4️⃣ *Ivermectin*, maganin da ake rabawa na cutar makantar kogi. An gwada a Tailan. Ya sa wani sinadarin ƙwayar ya ɓace da wuri daga jini, amma bai sa marasa lafiya sun warke da sauri ba.

Jama'a, wannan faɗuwar ita ce ta sa na yarda da hanyar. An kashe kuɗi masu yawa, an auna, ba a ga amfani ba, aka fito fili aka ce bai yi ba. Da a kasuwarmu ne, kowanne cikin huɗun nan da tuni yana da lasifika a bayan mota da shaidu goma.

*WAƊANDA AKE SA WA RAI*

Akwai guda biyu da suka fi jan hankali. Dukkansu suna toshe wani sashe na ƙwayar dengi da take amfani da shi wajen hayayyafa a cikin jikin mutum.

Na farko shi ne *mosnodenvir*, wanda kamfanin Johnson & Johnson ya samar tare da masanan jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka an samu manya masu lafiya da suka yarda a ba su ƙwayar su fara sha, sannan a yi musu allurar dengi da aka raunana. A sakamakon da aka bayyana a watan Oktoban 2023, cikin mutum 10 da suka sha kaso mafi yawa, 6 ba su kamu ba, alhali masu ƙwayar wofi duk sun kamu. Wannan na kariya ne kafin kamuwa. Sai dai a watan Oktoban 2024 kamfanin ya dakatar da babban gwajin da yake yi a cikin al'umma, ya ce ya sauya inda zai sa ƙarfinsa ne, ba don an ga wata illa ba. Ka ga inda talaka ke shan kashi: magani na iya nuna alama, amma in lissafin kamfani bai kai ba, sai a ajiye shi.

Na biyu shi ne *EYU688* na kamfanin Novartis. Shi na masu zazzaɓin ne kai tsaye. An shiga gwada shi a kan manyan da gwaji ya tabbatar suna da dengi, a Singafo da wasu ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka, ana kwatanta shi da ƙwayar wofi. Sharaɗinsa shi ne a fara sha cikin awa 48 da fara zazzaɓi. Ku riƙe wannan lissafi na awa 48, za mu dawo kansa.

Duk wanda ya ce maka yana da ɗayan biyun nan na sayarwa a kyamis, maƙaryaci ne. Ba su shigo kasuwa ba.

*GANYEN GWANDA FA?*

Na san za a tambaya, don saƙonsa ya zaga. Gaskiya ne an gwada ruwan ganyen gwanda a Maleshiya, sakamakon ya fito a 2013, kan marasa lafiya 228, aka ga ƙwayoyin daskarar da jini sun ɗan fi saurin hawa a jikin waɗanda suka sha. Madalla, abin a ci gaba da bincike ne. Amma hawan wannan lamba daban, tsira daga mutuwa daban. Abin da ya fi kisa a dengi yoyon ruwan jijiyoyi ne, kuma ba a nuna ganyen gwanda yana tsayar da shi ba. Kuma mu tuna waɗancan mutanen a gadon asibiti suke, ana auna jininsu. Kada wani ya zauna a gida yana matse gwanda alhali alamomin haɗari sun bayyana.

Ba raina tsirrai nake yi ba. Maganin maleriyar da muke sha a yau daga wani ganye ɗan uwan tazargade aka ciro shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Gwaji ne ya ɗaga ganyen daga jiƙo zuwa maganin da ya ceci miliyoyi. Masu haɗa magani a cikinmu, in kun yarda da abinku, ku nemi a auna shi. Kuma a sani, lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ake gani a jikin kwalaben gargajiya, tana nufin an duba ba a ga alamar cutarwa ba ne. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta.

*TABON KANO*

Yanzu ga babbar hujjar masu cewa a'a, kuma hujja ce mai nauyi: "So ake a mai da mu zakaran gwajin dafi."

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na fahimci wannan. Amma mu tsaya mu ga ina ɓarnar take. A kan yara aka yi, a tsakiyar annoba, iyaye na cikin ruɗu, ba takardar yarda da suka sa wa hannu. Yin gwaji ba tare da yardar iyaye ba saɓa ƙa'idar gwaji ne. Maganin wannan shi ne a tsaurara sharaɗi. Tun 2007 Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma ba a yin gwajin magani bisa doka sai da izinin NAFDAC da amincewar kwamitin ɗa'a.

In muka ce ba za a taɓa gwada komai a kanmu ba, me zai faru? Kusan duk gwaje-gwajen da na lissafa a Asiya da Amurka aka yi su. Mu kuwa a nan, mai zazzaɓi yana iya zuwa da maleriya tare, ko sikila, ko ƙarancin jini, yana kuma shan wasu magungunan. In ba a auna a irin jikinmu ba, ranar da maganin ya shigo kasuwa a lokacin ne za mu zama zakaran gwajin dafi na gaske, ba mai sa ido, ba mai rubutawa, ba mai biyan diyya.

Don haka in wata rana aka zo da irin wannan gwaji asibitocinmu, ga tambayoyin da babba zai yi kafin ya sa hannu:

✅ Ina izinin NAFDAC, ina na kwamitin ɗa'a?
✅ A karanta mini takardar da Hausa, a gaban wanda na yarda da shi.
✅ Wace illa aka gani a waɗanda suka sha kafin ni?
✅ In na ƙi, za a ci gaba da duba ni kamar kowa?
✅ In na fara, zan iya fita duk ranar da na so?
✅ In na cutu, wa zai ɗauki nauyi?
✅ Wane likita ne namu na gida da zan iya samu bayan baƙi sun tafi?

In an amsa duka, shiga taimakon al'umma ne. In an fara kame-kame a ɗaya, ka ɗauki hularka ka fita. Kuma ina ganin ya dace masarauta da hakimai da limamai su ga takardun nan tun kafin a fara, su ma su yi tambaya.

*GADONMU NE, BA BAƘON ABU BA*

Kada a ɗauka kwatanta kashi biyu ƙirƙirar Turawa ce. Abubakar Ar-Razi, babban likitan Bagadaza da ya rasu wajen shekarar 925 miladiyya, ya rubuta yadda ya ɗebi jinin wasu masu alamun sanƙarau, ya bar wasu da gangan ba tare da ya ɗiba ba, don ya ga bambanci. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kafa sharuɗɗa 7 na gwada magani a littafinsa Al-Ƙanun. Daga ciki akwai cewa maganin ya zama tsantsa ba gauraye, a gwada shi a kan cuta guda, a lura da lokacin da aikinsa ke bayyana, aikin ya riƙa maimaituwa a mutane da yawa, kuma a jikin mutum za a tabbatar, don abin da ya yi wa doki ko zaki ba dole ya yi wa ɗan Adam ba. Ka tuna celgosivir da ɓeraye. A fiƙihu ma sananne ne cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, in ya jawo ɓarna, lamuni na kansa. To wanda ya tura saƙon "mujarrabi" ga mutum ɗari biyar fa?

*MU DAWO KAN AWA 48*

Ƙwayar dengi a kwanakin farko take cika jini, daga nan sai ta ja baya. Duk ƙwayar shan da za ta yi yaƙi da ita dole ta riske ta da wuri. Mu kuwa yaya muke yi? Kwana biyu a kyamis, kwana biyu ana jiƙo, a sake maganin maleriya, sai an ga mutum ya galabaita a nemi Keke Napep. Da irin wannan ɗabi'a, ko gobe maganin ya fito, ba zai same mu ba.

Akwai gwajin jini na gaggawa da ake kira NS1, mai kama da na maleriya, yana nuna dengi a kwanakin farko. Kirana ga ma'aikatar lafiya ta Jihar Katsina, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Daura, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina: a wadata mu da shi, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Inda ba a ƙirga masu cuta, ba mai kawo bincike, ba mai kawo magani.

*ABIN YI TUN DAGA YAU*

Rashin ƙwaya ba ya nufin rashin mafita. Da kulawar asibiti a kan lokaci, masu mutuwa da dengi mai tsanani ba sa kai 1 cikin 100.

🔹 Zazzaɓi mai zafi, gwajin maleriya bai nuna komai ba, ko an sha maganin kwana 2 ba sauƙi: a koma asibiti, a ce wa likita, "Ko a duba dengi?"

🔹 *Farasitamol kawai.* Babba ƙwaya 2 duk bayan awa 6 in akwai buƙata, kada ta wuce 8 a kwana ɗaya. Mai ciwon hanta ya tambayi likita tukuna.

🔹 *A guji asfirin, ibuprofen da diclofenac*, da garin Alabukun don asfirin ne a cikinsa, da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda. Suna ƙara haɗarin zubar jini.

🔹 *Kada a yi ƙaho ko tsaga* ga wanda ake zargin yana da dengi. Hijama na da lokacinta, wannan ba lokacinta ba ne, don jinin zai iya ƙin tsayawa. Wanzamai da masu hijama, a kiyaye don Allah. Haka ma allurar ɗuwawu a kyamis.

🔹 A yawaita sha: ruwa, ruwan gishiri da sukari, kunu, romo, lemo. Zuma a matsayin abinci ba laifi ga wanda ya wuce shekara 1. A lura da fitsari, in ya ragu sosai akwai matsala.

🔹 *A garzaya asibiti ko da tsakar dare ne* in aka ga: ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko hanci ko amai, baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, sanyin hannu da ƙafa, kasala ko ruɗewa. An fi ganin su a kwana 1 zuwa 2 bayan zazzaɓi ya sauka, lokacin da gida ke cewa Alhamdu lillahi ya samu sauƙi.

🔹 Mara lafiya ya kwanta cikin gidan sauro har da rana, don kada sauro ya ɗauka ya kai wa yara.

🔹 Sauron nan ba ya nisa, galibi a gidanka ko na maƙwabci aka haife shi. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 ne, ƙwan kuma yana manne a jikin randa ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Tarihinmu ya ce a da ranar Juma'a kaɗai ake ɗibar ruwa a Kusugu. To mu mai da Juma'a ranar ruwa: a juye randa da duro, a goge cikinsu da soso, a cika, a rufe da murfi. A kifar da gwangwanaye, masu faci su huda tsofaffin tayoyi ko su sa su a inuwar da ruwa ba ya shiga.

Daga yau kuma, duk wanda ya turo maka "maganin dengi mujarrabi", ka tambaye shi cikin ladabi: mutum nawa suka sha, mutum nawa ba su sha ba, wa ya auna jininsu? In ba amsa, kada ka tura gaba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya yi wa masu neman magani na gaskiya jagora, Ya kare mu daga annoba da sharrin masu cin amana. Amin.

A tura wa ƴan uwa, musamman masu kyamis, wanzamai da iyaye mata.

Wassalamu alaikum warahmatullah.